Hoton Karramawa: Abin da 'Yar Murtala Ke Koya wa Gaya da Ajingi

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce duba wata al'ada da ta zama ruwan dare a ofisoshinmu da makarantunmu, amma ba a cika tsayawa a yi nazarinta ba, watau karrama tsohon ma'aikacin gwamnati ta hanyar kafa hotonsa. Duk wanda ya shiga sakatariyar ƙaramar hukuma, ko ofishin hedimasta, ko zauren taro na wata kwaleji, zai iske fuskoki jere a bango. Waɗansu an san su, waɗansu kuwa ko masinjan ofishin ba zai iya faɗin sunansu ba. Abin tambaya shi ne, wane ma'auni ake bi a ɗora wannan a sauke wancan, kuma wace shaida al'umma ke bayarwa in ta yi haka?

Mun ɗauki ƙasar Gaya da Ajingi, a gabashin Jihar Kano, ta zama fagen tattaunawarmu, domin ƙasa ce da ta haifi mutanen da suka riƙe manyan muƙaman gwamnati, kuma ta ga canje-canjen mulki a jere cikin ɗan lokaci. Misalin da za mu jingina da shi kuwa shi ne hoton Janar Murtala Ramat Muhammed, ɗan Kano, wanda ke kan takardar naira ashirin, domin babu wani hoton karramawa da ya shiga hannun talakan ƙasar nan kamarsa. Abin da muke so mu tabbatar shi ne, hoton karramawa shaida ce da al'umma ke bayarwa a kan aikin mutum, don haka yana bukatar lokaci, da bincike, da rubutu a ƙarƙashinsa.

2.0 Karramawa Kafin Zuwan Hoto

Bahaushe ya daɗe da sanin yadda zai tuna da wanda ya yi masa aiki. Yana yi masa kirari, makaɗa su yi masa waƙa, sarki ya naɗa masa rawani, iyaye su sa wa ɗansu sunansa don ya zama takwaransa. Malamai kuma suna rubuta jerin sarakuna da shekarun mulkinsu, kamar yadda muke gani a littafin Tarihin Kano, inda aka kawo sunan kowane sarki tare da yaƙe-yaƙensa da gine-ginensa da abin da ya auku a zamaninsa. Mutanen Gaya ma suna da nasu rabo a wannan fage, domin sanannen labarin baka ya nuna cewa maƙera ne daga Gaya, waɗanda ake kira Abagayawa, suka zo gindin Dala neman tama, har aka ce sunan birnin ya samo asali daga wani maƙeri cikinsu mai suna Kano. Ba wanda ya san kamannin wannan maƙeri, amma sunansa bai ɓace ba.

Addinin Musulunci ya ƙara ƙarfafa wannan hanya ta tunawa da baki da alƙalami, domin malamai sun yi hani ga sassaƙa mutum-mutumi, abin da ya sa ba a saba ganin gumakan shugabanni a dandalin garuruwanmu ba. Hoton kyamara ya yaɗu ne bayan da Turawa suka ci Kano a 1903. Malamai sun yi saɓani a kan hukuncinsa, musamman game da rataye shi a bango, amma a aikace ya sami shiga fada da ofis da shago. Wanda ya ziyarci Gidan Makama a Kano zai ga yadda hotunan sarakuna suka zama wani ɓangare na adana tarihi.

Akwai bambanci guda da ya kamata mu lura da shi. Kirari da waƙa da jerin sarakuna duk suna ambaton aiki tare da suna. Hoto kuwa bebe ne. Yana nuna fuska da tufafi, amma ba ya faɗin abin da mai fuskar ya aikata. Idan waɗanda suka san shi suka ƙare, sai ya koma kayan adon bango kawai.

3.0 Hotuna Iri Uku

Domin a fahimci batun sosai, muna ganin ya dace a rarrabe hotunan da ke bangon ofisoshinmu gida uku.

Na farko shi ne hoton mai ci, watau na shugaban ƙasa ko gwamna ko sarki ko shugaban ƙaramar hukuma da ke kan kujera. Wannan alama ce ta ikon hukuma. Ofis ake girmamawa da shi, kuma ran da aka yi canji dole a sauke shi, ba tare da an ce an ci mutuncin kowa ba.

Na biyu shi ne hoton jeri, inda ake jera duk waɗanda suka taɓa riƙe wani muƙami bi da bi, kowa da shekarunsa. Wannan shi ne magajin jerin sarakuna na dā. Ba ya yabo, ba ya zargi. Wanda ya yi wata uku da wanda ya yi shekara takwas, wanda aka so da wanda aka ƙi, kowa yana da gurbinsa, domin cire mutum ɗaya daga jeri ƙarya ce ga tarihi.

Na uku shi ne hoton karramawa. A nan al'umma ce ke zaɓen mutum ɗaya daga cikin jeri, ta ce wannan ya yi abin da ya kamata 'yan baya su yi koyi da shi. Hukunci ne, kuma kowane hukunci yana bukatar hujja.

Yawancin rikicin da ake yi a kan hotuna yana tasowa ne daga cakuɗa waɗannan uku. Mai ci yakan so a ɗauki hotonsa na ofis a matsayin karramawa tun bai sauka ba. Wanda ya gaje shi kuma yakan fizge shi har daga jeri, don huce haushin siyasa.

4.0 Hoton Murtala a kan Naira Ashirin

An haifi Murtala Muhammed a Kano a 1938. Ya zama shugaban ƙasa bayan juyin mulkin 29 ga Yuli 1975, wanda ya kawar da Janar Yakubu Gowon. An kashe shi a Ikko ranar Juma'a 13 ga Fabrairu 1976, a yunƙurin juyin mulkin da Laftanar Kanar Buka Suka Dimka ya jagoranta, aka kawo shi Kano aka binne. Mulkinsa bai cika wata bakwai ba. A cikin wannan ɗan lokaci ne aka ƙara yawan jihohi daga 12 zuwa 19, aka yanke shawarar mayar da babban birnin tarayya Abuja, aka tsara jadawalin miƙa mulki ga farar hula a 1979, sa'an nan Nijeriya ta fito fili ta goyi bayan ƙungiyar MPLA a Angola, duk da matsin lambar Amurka.

Ranar 11 ga Fabrairu 1977, saura kwana biyu ya cika shekara da rasuwa, Babban Bankin Nijeriya ya fitar da takardar naira ashirin ɗauke da hotonsa. Ita ce takardar kuɗi ta farko da ta ɗauki hoton wani sanannen ɗan Nijeriya, kuma ita ce mafi girma a lokacin. Daga nan ƙofa ta buɗe. A 1979 aka sa Herbert Macaulay a kan naira ɗaya, Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa a kan naira biyar, Alvan Ikoku a kan naira goma. Cif Obafemi Awolowo ya hau naira ɗari a 1999, Sardauna Ahmadu Bello ya hau ɗari biyu a 2000, Dokta Nnamdi Azikiwe ya hau ɗari biyar a 2001, sai naira dubu a 2005 mai ɗauke da Alhaji Aliyu Mai-Bornu da Dokta Clement Isong, tsofaffin gwamnonin Babban Banki. Dukansu sai bayan rasuwarsu aka sa su. Ya kamata mu malaman kwalejojin ilimi mu lura cewa Tafawa Ɓalewa da Ikoku da Mai-Bornu duk sun riƙe alli.

Akwai abubuwa uku da wannan hoto ke koya mana.

Na ɗaya, karramawar da ta dace da abin da ke zuciyar jama'a ita ce ke kama ƙasa. Ba wata doka da ta umarci mutane su canja wa takardar suna, amma Hausawa da kansu suka raɗa mata 'yar Murtala, har sunan ya shiga bakin 'yan kasuwa da 'yan kamasho, a Gaya da Ajingi kamar sauran garuruwa. Hukuma ta buga hoton, jama'a suka sa hannu a kan shaidar.

Na biyu, hoto yana nuna gefe guda ne. Fuskar da ke kan takardar ba ta faɗin cewa a watan Oktoba 1967, lokacin yaƙin basasa, sojojin Runduna ta Biyu da Murtala ke jagoranta sun kashe ɗaruruwan fararen hula a Asaba. Haka kuma ba ta faɗin cewa korar da gwamnatinsa ta yi wa ma'aikata fiye da 10,000, da sunan tsabtace aikin gwamnati, ta haɗa da waɗanda ba a ba su damar kare kansu ba, abin da masana da dama ke ganin ya raunana aikin gwamnati daga baya. Mutumin Asaba da mutumin Gaya suna riƙe takarda ɗaya, amma abin da kowannensu ke tunawa daban ne. An yi wannan karramawa cikin zafin juyayi, shekara ɗaya tak bayan rasuwa, lokacin da ba mai iya auna alheri da akasinsa cikin natsuwa. Ba muna cewa bai cancanta ba. Muna cewa aikin malami ne ya cike abin da hoto ya bari.

Na uku, darajar hoto tana tafiya da darajar abin da aka ɗora shi a kai. A 1977 naira ta fi dalar Amurka daraja, har naira ashirin ta kai kusan dala 30. Sannu a hankali takardar da ta kasance babba ta koma cikin ƙananan canji. A 2007 aka mayar da ita ta leda, aka sa hoton Ladi Kwali, shahararriyar maginiyar tukwane, a bayanta, aka kuma cire rubutun ajami daga jikinta da sauran ƙananan takardu. Hoton yana nan, amma hauhawar farashi ta cinye ƙimar takardar. Haka abin yake ga hoton da aka rataye a ajin da rufinsa ke yoyo, ko a asibitin da ba magani. Wurin da aka kafa hoto yana iya ƙara wa mai hoton mutunci, yana kuma iya zubar masa da shi.

5.0 Lokaci Shi Ne Alƙali

Tarihin Kano kansa ya ba mu hujja a kan amfanin jinkiri. Kwamishinan 'Yan Sanda Audu Baƙo ya yi gwamnan Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975. Ya sauka tare da gwamnatin Gowon, kuma binciken da gwamnatin Murtala ta sa aka yi wa gwamnoni goma sha biyu na wancan zamani mutum biyu kaɗai ya wanke, ba shi a cikinsu. Da a ce a 1976 aka tambaya ko a kafa hotonsa, da amsar ita ce a'a. Amma madatsar ruwa ta Tiga da ta Bagauda, da noman rani na Kadawa, sun ci gaba da yi masa magana bayan rasuwarsa a 1980. Ga sakatariyar jiha da gidan namun daji a Kano, ga kwalejin aikin gona a Ɗambatta, duk suna ɗauke da sunansa. Kano ta karrama wanda ya sa aka yi bincike, ta kuma karrama wanda aka bincika, kowa da aikinsa.

Waɗansu ƙasashe sun mayar da wannan jinkiri ƙa'ida. A Amurka, bayan da wani jami'in baitulmali mai suna Spencer Clark ya sa hoton kansa a kan wata ƙaramar takardar kuɗi, majalisa ta kafa doka a 1866 ta hana sa hoton mai rai a kan takardun kuɗin ƙasar. A Ingila, gidan adana hotunan fitattun mutane da aka kafa a Landan a 1856 ya daɗe ba ya karɓar hoton kowa, in ban da mai sarauta, sai ya shekara goma da mutuwa, ba a sassauta wannan ba sai a 1969. A Gana kuwa an bi akasin haka. An sa hoton Dokta Kwame Nkrumah a kan kuɗi yana kan mulki, aka kafa mutum-mutuminsa a gaban majalisa. Da aka hamɓarar da shi a watan Fabrairu 1966 sai aka tumɓuke mutum-mutumin, aka fitar da sababbin kuɗi ba fuskarsa. Sai bayan shekaru masu yawa da rasuwarsa a 1972 ƙasar ta dawo ta gina masa hubbare a Akara, ta mayar da hotonsa kan kuɗi. Karramawar da ya yi wa kansa ta faɗi tare da mulkinsa, wadda 'yan baya suka yi masa ita ce ta zauna.

6.0 Halin Gaya da Ajingi

Idan muka dawo gida, ƙasar Gaya tana da mutanen da wannan magana ta shafa kai tsaye. Marigayi Alhaji Sule Gaya ya yi minista a gwamnatin Jihar Arewa ƙarƙashin Sardauna. Alhaji Kabiru Ibrahim Gaya, masanin zanen gine-gine, ya zama gwamnan Jihar Kano a Janairu 1992 a ƙarƙashin jam'iyyar NRC, watanni kaɗan bayan an cire Jigawa daga Kano a Agusta 1991, ya sauka a Nuwamba 1993 lokacin da Janar Sani Abacha ya rushe gwamnatocin farar hula. Daga baya ya wakilci Kano ta Kudu a Majalisar Dattawa daga 2007 zuwa 2023. Bayan waɗannan akwai shugabannin ƙananan hukumomi tun daga gyaran 1976, da hedimastoci, da malaman asibiti, da malaman gona, waɗanda ba jaridar da ta taɓa buga sunansu, alhali da yawanmu a hannunsu muka koyi karatu.

Har ila yau, ƙasar ta ga yadda kujera ke juyawa. A watan Mayu 2019 gwamnatin Dokta Abdullahi Umar Ganduje ta ɗaga Gaya ta zama masarauta mai daraja ta ɗaya, tare da Bici da Rano da Ƙaraye. Sarki Ibrahim Abdulƙadir ya rasu a 2021, ɗansa Aliyu Ibrahim ya gaje shi. A watan Mayu 2024 gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta soke dokar, sa'an nan a Yuli na wannan shekara aka sake kafa masarautar Gaya a daraja ta biyu, ta ƙunshi Gaya da Ajingi da Albasu. A cikin shekara biyar, duk hedimastan da ke rataye hoton sarki a ofishinsa ya fuskanci tambayar wane zai ɗora, wane zai sauke, fiye da sau ɗaya. Ba aikinmu ba ne a wannan taro mu yanke hukunci tsakanin ɓangarorin. Abin da ya dame mu shi ne makomar hoton da aka sauke. In ba a ware masa gurbi a jeri ba, to bayan kabad zai ƙare, gara ta cinye shi, yaron da aka haifa bana ya tashi bai san an yi wannan zamani ba.

7.0 Shawarwari

Bisa ga abin da ya gabata, muna ba da waɗannan shawarwari ga ƙananan hukumomi da masarauta da makarantu.

Na farko, a ware bango guda na jeri a kowace sakatariya da kowace makaranta, a sa duk wanda ya riƙe muƙamin da shekarunsa, a kuma rubuta ƙa'ida cewa canjin gwamnati ba ya taɓa wannan bango. Inda ba a sami hoton mutum ba, a rubuta sunansa a gurbinsa.

Na biyu, kada a kafa hoton karramawa ga wanda ke kan kujera, ko wanda har yanzu ke neman ƙuri'a. A jira aƙalla shekara goma bayan ya bar aiki, domin ƙura ta lafa, a ga abin da ya rage daga ayyukansa. Wannan kariya ce gare shi, don kada magajinsa ya ce hoton na 'yan amshin shata ne.

Na uku, zaɓen ya fito daga kwamitin da ya haɗa malaman tarihi, da malaman addini, da wakilan masarauta, da mata, da tsofaffin ma'aikata, ba daga ofishin mutum ɗaya ba. Kada kuma mai hoton ko iyalansa su ɗauki nauyin kuɗin aikin.

Na huɗu, kowane hoto ya zo da rubutu a ƙarƙashinsa, da boko da ajami, mai faɗin suna da muƙami da shekaru da ainihin aikin da ya sa aka zaɓe shi: rijiya nawa, aji nawa, wace hanya. A guji jera kalmomin yabo da ba su nuna komai. Cikakken tarihin kuwa, har da inda aka soki mutumin, a ajiye shi a ɗakin karatu.

Na biyar, a girmama ra'ayin iyalan da ba su yarda da rataye hoto ba saboda dalilin addini. Allon suna mai ɗauke da bayani ya wadatar, shi ne ma ya fi kusa da al'adarmu ta asali.

Na shida, kwalejojin ilimi su sa ɗalibansu masu koyon aikin koyarwa su tattara tarihin makarantun da aka tura su, su yi hira da dattawa, su ɗauki kwafin tsofaffin hotuna da kyamara ko wayar hannu tun masu sanin fuskokin suna raye.

8.0 Kammalawa

A wannan maƙala mun yi ƙoƙarin nuna cewa hoton mai ci da hoton jeri da hoton karramawa abubuwa ne daban-daban, kuma cakuɗa su ne ke sa bangon ofisoshinmu ya zama filin ramuwa. Mun ga yadda 'yar Murtala ta karɓu domin ta dace da zuciyar jama'a, mun ga abin da ta ɓoye, mun kuma ga yadda ƙimarta ta bi ƙimar naira. Mun ga cewa Audu Baƙo bai sami nasa rabo ba sai da lokaci ya yi aikinsa. Gaya, wadda ta riƙe sunan maƙeranta ɗaruruwan shekaru ba tare da hoto ko ɗaya ba, ba ta rasa abin da za ta fara da shi ba. Abin da ya rage shi ne a haɗa tsohuwar al'adar ambaton aiki da sabuwar al'adar adana fuska. Muna fata mahalarta za su faɗaɗa wannan bincike zuwa sauran ƙasashen Kano, su kuma gyara mana inda muka yi kuskure. Allah ya sa mu dace, amin.